Rom Ɗin Da Zai Kamo Sabis Daga Nijar

Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona da ke bayan tashar Talata Mafara, ya leƙo ya gan ni na zuba wa kwamfuta ido ina jiran wani koren layi ya cika, sai ya ce wa abokinsa, da ƙarfi don in ji, "Ai wannan sana'ar zaman banza ce, danne-danne ne kawai." Sannu da ƙoƙari, samari. Ka gano mu. Shekara da shekaru muna ɓoye asirin nan, ga shi ka tona mana shi a tsaye, ko zama ba ka yi ba. Tunda abin ya zama danne-danne, ku matso in gaya muku abin da ake dannawa, don kada gobe ku danna wa wani bawan Allah abin da ba ya dannuwa baya.

Sunana Nasiru, amma a garin nan in ba ka ce Nasiru Filashin ba, ba mai nuna maka ƙofata. Filashin shi ne sake zuba wa waya manhaja. Na koyi aiki a hannun Oga Lawwali, Allah Ya jiƙansa, tun zamanin ƙananan wayoyi masu tocila. Ku da kuke kallon bidiyo ɗaya ku tashi da sunan injiniya, bari ku ji yadda aka yi mu. Na daɗe ina sharar shago, ina tada janareto, ina sayo masa kunu, kafin ya yarda in riƙe sukudireba. Da ya yarda ɗin ma, aikina buɗe bayan waya ne kawai, in karanto masa lambar da ke jikin bod, wato farantin nan na ciki da komai yake manne a kai. In na yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Madalla, ka kashe ta, je ka yi wa mai ita ta'aziyya." Domin wayoyi biyu sai su zo suna ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, amma cikinsu daban. Ka zuba wa wannan abincin waccan, sai ta ce ga garinku nan.

Doka ta biyu da ya kafa mini ita ce: kafin ka taɓa waya, kwafe abin da ke cikinta ka ajiye. Duk manhajar asali da ta biyo ta hannunsa sai ya adana ta a faifan ajiya, da sunan lambar bod ɗinta. Faifan nan shi na gada, na ci gaba da ƙara masa, yana nan naɗe a tsumma cikin akwatin ƙarfe. Sauran kayan aikina ba abin burgewa ba ne: tsohuwar laftof da ake tallafe murfinta da gwangwanin madara, akwatin filashin, tarin kebul waɗanda rabinsu na caji ne kawai ba sa ɗaukar saƙo, ɗan hantsaki, injin hura iska mai zafi, da batirin mota. Batirin nan ya fi komai daraja, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar zuba manhaja, wayar ta zama bulo. Haka muke cewa, bulo, don in ban da danne takarda kada iska ta kwashe ba abin da za ta ƙara yi.

To mene ne wannan rut da kuke ta yi wa kirari? Kamfani yana sayar maka da waya, amma akwai ɗakunan da ya kulle ya hana ka shiga, don ya san halinka. Rut shi ne ka karɓe makullan duka, ka zama mai gida na gaske, ka goge abin da ka ga dama, ka saka abin da ka ga dama. Rom kuwa ita ce manhajar da ke tuƙa wayar gaba ɗaya. Akwai ta asali, akwai kuma wadda wasu masu basira suka ƙera da kansu. Ban ce duk banza ba ne. Na sha tayar da tsohuwar waya da kamfani ya manta da ita ta hanyar rom mai kyau, ta ƙara shekaru tana aiki. Amma kafin ka kai can sai ka zare sakatar ƙofa, wadda muke kira butloda, kuma a wayoyin yanzu da zarar ka zare ta, wayar tana share duk abin da ke cikinta. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka yi ta haka, saboda ɓarayi. Masu bidiyon naku suna faɗin wannan cikin sauri, lokacin da kuke gyara zama.

Masu kawo mini rut kala-kala ne. Akwai ɗalibin da aka gaya wa zai riƙa samun data kyauta har ƙarshen duniya. Akwai ɗan acaɓa daga Ruwan Gizo da yake son sifika ta ƙara ƙara, har a ji waƙarsa daga wancan ƙauyen. Akwai mai zuwa da waya a kulle, yana kallon hagu da dama, ya ce, "Ta ƙanena ce, ya manta lambar." In ka ce ya kawo ƙanen da kwalin wayar, sai ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Ikon Allah, ƙannen garin nan duk mantuwa gare su, kuma duk tafiya suka yi.

Wani tela daga Bakura ya taɓa kawo mini tasa, ransa a ɓace. Abokinsa ya zuba masa rom da ya samo a wani zauren hira, wai ta fi sauri. Saurin kam ta yi, don batirin kan ƙare kafin azahar. Manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa, tunda ta gane an ɓalle ƙofar wayar, tallace-tallacen da ba ka son surukinka ya gani suna faɗowa da kansu, kuma wayar tana tura saƙonni ga mutanen da bai sani ba. Na tambaye shi wa ya ƙera rom ɗin. Ya ce bai sani ba. Na ce, "Malam, za ka ba mutumin da ba ka taɓa gani ba makullin ɗakinka ya kwana?" Ya ce subhanallahi. Na ce to ai ka ba shi, har da tabarma. Na mayar masa da ta asali, amma garantin kamfani ya riga ya tafi, da hotunan ɗinkunan da yake nuna wa masu kawo aiki.

Wannan duk wasa ne. Wanda nake so ku ji shi ne na Baba Isuhu.

Baba Isuhu mutumin Damaga ne, ta ƙasar Maradun, dattijo mai saye da kiwon shanu. Yakan sayi sa a kara, wato kasuwar dabbobi, ya ba makiyayi ya yi masa kiwo, in ya yi ƙiba ya sayar wa mahauta. Bai yi boko ba, amma ya fi yawancinku sanin amfanin waya. Duk dabbar da ya saya, sai ya tsaya kusa da ita a ɗauke su hoto ta dama da ta hagu, a ɗauki tsagar kunne da tambarin cinya, a ɗauki wanda ya sayar masa yana riƙe da igiya. Wayar ita ce shaidarsa. Ni na zaɓar masa ita, ni na koya masa inda ake dannawa, kuma duk ranar Talata in ya shigo kasuwa sai ya biyo ta shagona a yi mata caji, mu gaisa, a tambayi gida da iyali da dabbobi da ruwan bana.

Wata Talata na ce masa, "Baba, hotunan nan sun yi yawa a wuri ɗaya. Bari in kwafe maka su a kwamfutata, ko mu ajiye su a intanet, ko da wayar ta faɗa ruwa."

Ya karɓe wayar daga hannuna ya soke ta a aljihun ciki. "Mi? In bar hoton dukiyata ga hannun wani? Malam Nasiru, kai na yarda da kai, amma shagonga naka kowa na shiga. Wani shi leƙa shi ƙirga, gobe labari ya kai daji."

Na ce to a saka a memori ya ajiye a gida. Ya ce ƙaramin abu kamar farce, yara su tsince shi su kai wa wa? Ban ja da shi ba, don ba wauta ya faɗa ba. A ƙasarmu mutum ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga aminin da suke cin tuwo tare, balle a 'yan shekarun nan da kunnen ɓarayin daji yake cikin gari. Har yau ban san ko nawa ne shanun Baba Isuhu ba. Abin da na sani, duk suna cikin wayar nan, kuma babu su a ko'ina sai nan.

Sai aka shiga shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan. Ku da kuke ganin sana'ar zaman banza ce, da kun zo a lokacin kun ga zaman banza na asali. Ba kira, ba saƙo, ba abin saukewa. Kara ma an rufe ta. Na koma tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, da gyaran tocila. Ana cikin haka ɓarayi suka afka wa rugar da ake yi wa Baba Isuhu kiwo, suka kora garken duka.

A daidai lokacin ne kuma wani labari ya zagaye ƙasar nan: wai in aka yi wa waya rut aka zuba mata rom ɗin Nijar, za ta kamo sabis daga can ƙetaren iyaka. Wanda ya ƙirƙiro wannan ilimi wani mai cajin waya ne a Maradun, ana ce masa Bello Nan-take. Ya sami laftof, ya kafa lema, mutane suka yi ta tururuwa kamar ana rabon taki. In aka gama maka, wayar ta nuna wasu sandunan sabis a saman fuskarta, ka biya ka tafi. In ka kira bai shiga ba, sai Bello ya ce ai sai ka hau tudu, kuma ka fuskanci arewa. Na ga magidanta da idona a kan tudu sun ɗaga waya sama, sun ba kudu baya.

Baba Isuhu ya zo wurina da fari, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Yana da suruki a wajen Sakkwato da yake bin masa sawun shanun a kasuwanni, kuma ba hanyar jin juna. Ya ajiye wayar a tebur ya ce, "Yi mata wanga rut da ake faɗi."

Na ce, "Baba, waya guga ce. Rijiyar aka rufe. Ko ka sauya guga sau goma ba ruwan da za ka ɗebo. Ƙarfen sabis ɗin ne aka kashe, kuma na Nijar bai san da zamanmu ba."

Ya ce, "Amma mutane na yi."

Na ce, "Wa ka gani ya yi magana da wani?"

Ya ce an ce wani ya yi. Na gaya masa a fili cewa in aka zare sakatar wayar nan, hotunansa sun tafi. Na maimaita. Ya ɗauki abarsa, ya ce, "Kun tsufa da aikin, Malam Nasiru. Yaran yanzu sun fi ku sani." Na ce Allah Ya ba da sa'a. Ya je wurin Bello, ya tambaye shi zancen hotuna, Bello ya ce ko ɗaya ba zai taɓu ba. Ina jin har ga Allah Bello bai san ƙarya yake yi ba, don bai taɓa tsayawa ya karanta gargaɗin da ke fitowa kafin ya danna ba.

Ba a jima ba aka yi shela cewa an ƙwato wasu shanu daga daji, an tara su a wani fili a Maradun, duk mai dabba ya zo da shaida. Washegari da hantsi na ga Baba Isuhu a ƙofata. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya miƙo wayar. Baƙa ƙirin, ko tambarin kamfani ba ta nunawa. Ashe rom ɗin Nijar ɗin ta wata waya ce daban, Bello ya zaɓi a share komai sannan a zuba, wayar ta mutu a hannunsa. Ya ce wa dattijon ta gaji ne, ya bar ta ta huta. Da masu irin wannan hutu suka yi yawa, Bello ya naɗe lemarsa ya cika wandonsa da iska.

Na buɗe bayanta na karanta lambar bod. Na kwance tsumma na ɗauko faifan Oga Lawwali, tunda ba intanet ɗin da zan sauko da komai. Allah Ya taimaka ina da ta asalin, daidai lambar. Kwamfuta ta ƙi ganin wayar sam, sai da na cire batir na haɗa wasu ɗigo biyu a jikin bod da ɗan hantsaki, hannu ɗaya yana riƙe, ɗaya yana soka kebul. Na jona batirin mota don kada wuta ta yi mana halinta. Layin ya soma tafiya. Baba Isuhu yana zaune a benci yana jan carbi. Da layin ya cika, wayar ta yi ɗan motsi, fuskarta ta kawo haske, tambari ya fito.

Dattijon nan ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Allah Shi yi maka albarka, Allah Shi jiƙan mahaifa!" Ya kama hannuna da hannu biyu. Ni kuwa na san abin da ke tafe, don wayar tana yi mana barka da zuwa ne, tana tambayar wane harshe muke so, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Na buɗe wurin hotuna na juya masa ita. Fari fat.

Ya ce, "Ina suke?"

Na ce, "Baba, sun tafi."

"To kirawo su. Ba kai ka tashe ta ba?"

Na yi duk abin da na sani, don kada ya zama ban gwada ba. Na bi ƙwaƙwalwar wayar da manhajojin tono abin da aka goge har la'asar. Amma wayoyin yanzu a kulle suke rubuta komai, kuma ranar da aka zare sakata, ranar makullin yake ɓacewa. Abin da na tono tarkace ne da ba mai iya karantawa, har wanda ya ƙera wayar. Na gaya masa haka. Ya daɗe yana kallon farar fuskar nan, sannan ya ce, "To kai ka gansu. Duk Talata kana ganinsu. Mu tahi ka shaida."

Washegari da safe na rufe shago muka shiga mota. Filin cike yake da mutane da kukan shanu. Dattawan da aka ɗora wa rabon suna zaune a inuwa, ga Alƙur'ani a gabansu. Ƙa'idarsu ba ta da laifi: ko ka nuna hoto, ko ka kawo wanda zai yi alwala ya rantse cewa dabbar taka ce, don masu cewa "nawa ne" sun fi shanun yawa. Mai unguwar su Baba Isuhu ya yi gudun hijira, makiyayinsa ba a san inda yake ba, waɗanda suka sayar masa kuwa suna garuruwa daban-daban, kuma ba wayar da za a kira su.

Muna shiga ya wuce kai tsaye wurin wasu shanu bokoloji farare, ya dafa wani bijimi, ya nuna wasu a bayansa. Ya ce, "Ga su nan. Wanga, da wanccan, da waccan mai tabo." Nan take wasu mutum biyu suka taso, kowa ya ce nasa ne, ɗaya har da 'yan rakiya masu shirin rantsuwa.

Babban dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, an ce ka san dabbobin nan. Za ka dafa Alƙur'ani?"

Na dubi bijimin. Na zagaya ta dama, na zagaya ta hagu. Jama'a, ni mai gyaran waya ne. Ka rufe mini ido ka ba ni bod, zan gaya maka ta wace waya ce. Amma farin sa a wurina farin sa ne. Na ga hotunan, ba sau ɗaya ba, ina wucewa da yatsa ina duba ko wayar tana nauyi. Ban taɓa tsayawa na kalli kunne ko cinya ba. Zuciyata ta gaya mini nasa ne, don na san mutumin, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma ba a tambaye ni ko na san Baba Isuhu ba, an tambaye ni ko na san bijimin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na shaida mutumin kirki ne, na shaida yana da hotunan shanu a wayarsa. Amma in dafa Littafi in ce wannan ne na gani, ba zan iya ba."

Baba Isuhu ya juyo ya dube ni. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. 'Yan rakiyar wancan suka yi alwala suka dafa, aka rubuta, aka miƙa masa igiya. Muna tsaye aka ja bijimin aka wuce da shi ta gabanmu, sauran suka bi baya, Baba Isuhu yana binsu da ido har suka fita daga filin. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma har yau in aka sake tambayata amsar da zan bayar ke nan.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida, har muka wuce rabin hanya. Can sai ya laluba aljihun ciki ya ciro wayar, ya danna, ta kawo haske tas, ba tsaga ba tabo. Ya juya ta gaba da baya.

Ya ce, "Malam Nasiru, amma ita wayar ta gyaru ko?"

Na ce, "Ta gyaru, Baba. Ba abin da ke damunta."

Ya ce, "To madalla." Ya mayar da ita aljihu.